Hanyoyin duwatsun Abzin: Kafin a yi lodi, a tambayi labarin korama

Duk macen da ke kasa albasa, dankalin turawa ko lemo a kasuwar Arlit ko Akokan ta san ranar da mota ba ta iso ba. Kaya su yi tsada, mai saye ya ɗaure fuska, alhali laifin na hanya ne.

Da dama daga cikin kayan lambun nan daga duwatsun Abzin suke fitowa: lemo da rumman daga Timiya, albasa da tafarnuwa daga Tabelot da tudun Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Tawa ta ratsa Agadas zuwa Arlit, domin jigilar yuraniyom aka shimfiɗa ta a ƙarshen shekarun 1970, ba domin manoma ba. Da zarar mota ta sauka daga kanta ta doshi Gugaram da Iferwan, ko ta nufi Timiya, sai burji, tsakuwa da rairayin korama.

To, a koramar nan haɗarin yake. Daga Yuli zuwa Satumba, ana iya yin ruwa can bisa tsauni, kai kuwa kana ƙasa cikin rana tsaka ba ka ga ko ɗigo ba. Kafin ka ankara ruwa ya gangaro da ƙarfinsa, ɗauke da itace da duwatsu. Mai karatu zai tuna yadda koramar Telwa ta yi ambaliya a Agadas farkon Satumban 2009, ta rushe dubban gidaje. Ruwan da ya ci gari, ina ga mota mai lodi?

Saboda haka tsofaffin direbobi ba sa yada zango cikin korama komai daɗin inuwarta, ba sa kuma ƙetare ta tana gudu. Ko bayan ruwan ya janye sai an taka da ƙafa tukuna, don jiƙaƙƙen rairayi na riƙe taya. Amma sau da yawa mai kaya ce ke matsa wa direba, wai tumatir zai ruɓe. Hajiya, gara asarar kwando da asarar rai.

Wani abin kuma, kada a bar sawun motoci don neman yanke. Lokacin tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a yankin, sun kuma halaka matafiya.

A Turai, masu hawa tsaunuka don wasan zamiya a kan ƙanƙara suna da sanarwar yanayin hanya ta kullum. Mu tamu sanarwar tana bakin direban da ya sauko jiya, da ƴan tasha, da masu bugo mana waya a gidan rediyo. A neme su kafin a biya kuɗin mota. A kuma duba ko direba na da tayar safiya biyu, shebur, igiya da jarkokin ruwa, sannan a gaya wa na gida ranar da ake sa ran isowa, tun da akwai wuraren da waya ba ta kamawa.