Hasken Leza Mai Sanyi da Jinyar Gyambo: Matsayinsa a Asibitocin Ƙasar Gwandu

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun bambanta rauni da gyambo tun da daɗewa. Rauni shi ne wanda aka ji yau, aka ɗaure, ya kama hanyar warkewa. Gyambo kuwa shi ne mikin da ya zauna, ya shafe makonni ko watanni yana ruwa, ya hana mai shi noma da kasuwa, wani lokaci har ya hana shi shiga sahu a masallaci saboda wari. Wannan takarda za ta duba wata hanya da ake taimakon irin wannan miki da ita, watau haska shi da hasken leza mai ƙaramin ƙarfi. Za a yi ƙoƙarin bayyana asalin hanyar, da yadda take aiki, da inda amfaninta ya tsaya, sa'an nan a auna ta da halin da majinyacin ƙauye yake ciki, a wuri irin Wurogauri da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo cikin Jihar Kebbi.

2.0 Asalin Hanyar

Magani da haske ba baƙon abu ba ne. A 1903 aka ba wani likitan ƙasar Denmak, Niels Finsen, kyautar Nobel saboda jinyar tarin fuka na fata da ya yi da haske. Ita kuwa leza, Theodore Maiman ne ya fara kunna ta a Amurka a 1960. Bayan shekara bakwai, watau 1967, wani likitan fiɗa a birnin Budapest na ƙasar Hungari, mai suna Endre Mester, ya so ya gwada tasirin leza a kan ciwon daji. Ya aske bayan ɓeraye ya haska su, amma na'urarsa ba ta da ƙarfi sosai. Abin da ya gani shi ne gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga nan ya juya ga raunuka, har ya kai ga gwada hasken a kan mutane masu gyambon da ya ƙi jin magani.

Ya kamata a lura cewa wannan leza dabam take da wadda ake fiɗa da ita. Ta fiɗa tana yanka, tana ƙonawa. Wannan kuwa ba ta ɗumama nama yadda zai ƙone, shi ya sa ake ce mata mai sanyi. Haskenta ja ne ko na ƙasa da ja wanda ido ba ya gani, tsawon zangonsa tsakanin nanomita 600 da 1000, ƙarfinsa kuma galibi bai wuce miliwat 500 ba.

3.0 Yadda Take Aiki

Rauni yakan bi matakai huɗu kafin ya warke: tsayawar jini, da kumburi, da tofowar sabon nama, da ƙarfafar tabo. Gyambo rauni ne da ya maƙale a mataki na biyu, ya kasa wucewa.

A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu 'yan ɗakuna da ake kira maitokondiriya, su ne murhun da ake sarrafa abinci da iska ya zama kuzari. Binciken Tiina Karu a ƙasar Rasha, tun cikin shekarun 1980, ya nuna cewa wani sinadari na cikin wannan murhu yana shan jan haske. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, idan ya sha hasken sai kuzari ya ƙaru, ƙananan jijiyoyin jini su saki, kumburi ya lafa, ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama su ƙara himma.

Sai dai abin yana da ma'auni, kamar gishiri a miya. In hasken ya yi kaɗan ba a ga kome ba, in ya yi yawa kuma sai ya danne warkewar da aka nema. Saboda haka ake lissafa abin da za a ba kowane murabba'in santimita na miki, a maimaita sau biyu ko uku a mako, har makonni.

4.0 Abin da Bincike Ya Tabbatar

A nan ne ya wajaba mu yi hattara, domin kuwa abin da ya yi kyau a jikin ɓera ba lalle ne ya yi a ƙafar manomi ba. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ciwon baki da ke samun masu ciwon daji na kai da wuya idan ana yi musu gashi. Ƙungiyar masana ta duniya da ake kira MASCC ta ba da shawara, a ƙa'idojinta na 2020, cewa a yi amfani da hasken don rigakafin wannan ciwo. Wannan ya shafe mu, tun da majinyatan yankinmu sukan je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato don gashin ciwon daji.

Game da gyambon ƙafar masu ciwon sukari kuwa, labarin ya sha bamban. An yi gwaje-gwaje da dama waɗanda suka nuna mikin yana tsukewa, amma yawancinsu mutane kaɗan aka gwada, kuma kowa da ma'aunin da ya bi. Don haka kwamitin duniya mai lura da wannan ciwo, IWGDF, a ƙa'idojinsa na 2023, bai yarda a riƙe haske ko leza a matsayin maganinsa ba.

5.0 Majinyacin Wurogauri

Mu ƙaddara wani manomin shinkafa ne a Wurogauri, ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa yana cikin fadama, alhali yana da ciwon sukari bai sani ba. Ciwon ya kashe masa jin zafi a ƙafa, don haka ya ci gaba da taka ta cikin ruwa da laka. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin a kai shi babban asibitin jiha a Kalgo, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, mikin ya riga ya ci ƙwayoyin cuta.

Me wannan bawan Allah yake bukata? A auna sukarinsa a daidaita shi. A kankare mataccen nama, a wanke, a ɗaure da bandeji mai tsabta. A ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafin sandarewar wuya. A duba ko jini yana isa ƙafar, a kuma hana shi taka ta. In an cika waɗannan, leza tana iya zama ƙari. In ba a cika su ba, ko an shekara ana haskawa ruɓar ba za ta tsaya ba, ƙarshenta a yanke ƙafar. Daɗin daɗawa, zuwa asibiti sau uku a mako kuɗin mota ne da asarar kwanakin aiki, musamman da damina.

Akwai kuma sharuɗɗan tsaro. Mai haskawa da majinyaci dole su sa tabarau na musamman, domin hasken yana lahanta ido. Ba a haska cikin mace mai juna biyu. Haka nan tsohon gyambo da ya shekara da shekaru, ko tsohon tabon ƙuna da ya fashe, yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji, saboda haka sai an yanki ɗan nama an gwada kafin a kai masa haske.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarar wannan takarda uku ce. Ta farko, asibitin da zai sayi na'urar leza ya tabbatar yana da abin auna sukari, da kayan ɗauri, da ma'aikatan da suka ƙware a wankin miki. Ta biyu, inda aka sa na'urar a riƙa rubuta faɗin miki da ma'aunin hasken a kowane zuwa, domin mu samu hujja tamu ta gida, musamman a kan gyambon masu amosanin jini da na kuturta, waɗanda muke fama da su. Ta uku, malaman asibiti na karkara su koya wa masu ciwon sukari duba tafin ƙafarsu kowace rana, da sa takalmi, da garzayawa asibiti da zarar an ga tsaga. Ranar da manomin Wurogauri ya zo da raunin kwana biyu maimakon gyambon wata biyu, an riga an ceci ƙafarsa tun kafin a kunna na'ura.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, amin.