Littafin Bashin Baba

Ranar da likita ya gaya wa mahaifinmu cewa ciwon hantarsa ya fi ƙarfin magani, mun ɗauka fasto zai ce a kira masa. Sai ya ce a ɗauko wani tsohon littafin rubutu a ƙasan akwatinsa, a kuma nemo motar da za ta kai shi Unguwar Mu'azu.

A unguwar aka haife mu. Baba tela ne, ɗan ikilisiyar ECWA, shagonsa na kan hanyar Kabala West. Rikicin Fabrairun 2000 ne ya tashe mu, muka koma Sabon Tasha kamar iyalai da dama. Littafin na bashi ne. A ciki akwai sunan wani maƙwabcinmu mai sayar da yadi, wanda Baba ya karɓi turmi uku na atamfa a hannunsa ana sauran kwanaki gari ya rikice. Fiye da shekara ashirin bai biya ba. Da farko babu hali, daga baya kunya ta hana.

Na ce, "Baba, ka bari in kai masa mana, jikinka ba ƙarfi." Ya ce a'a, ƙafar da ta je karɓa ita za ta je biya.

Mun sami Alhaji, mai yadin, a kan tabarma a ƙofar gida. Ya daɗe yana kallon Baba kafin ya gane shi, don ciwo ya ramar da shi ƙwarai. "Haba Malam tela, ai na yafe tuntuni!" Baba ya miƙa masa ambulan ya ce, "Alhaji, karɓi, tafiya ce a gabana. Ka kuma yafe mini shirun da na yi." Duk su biyun suka yi hawaye.

Mai karatu zai iya zaton Baba yana sayen aljanna ne da kuɗin atamfa. Ba haka Kirista yake gani ba. Mu a wurinmu ceto alheri ne, kyautar Allah ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, ba ladan aiki ba. Shi ya sa idan mai bi ya rasu muke cewa ya yi barci, ko ya tafi gida, domin muna sa zuciya ga tashin matattu. A mota na tambayi Baba, to me ya sa ya wahalar da kansa? Ya ce, "An riga an biya mini babban bashi. Da wace fuska zan riƙe ƙarami?" Daga baya na lura misalin nan ne na bawa marar yafiya a Matiyu sura 18 yake zaune a ransa.

'Yan'uwanmu Katolika suna da tsari: ikirari a gaban fada, shafe majinyaci da mai, ga kuma Larabar Toka da ke tuna wa kowa asalinsa turɓaya. Namu ya fi sauƙi. Dattawan ikilisiya suka kawo masa Jibin Ubangiji har bakin gado, 'yan Zumuntar Mata suna zuwa da yamma su yi masa waƙoƙi. Kowace safiya ina karanta masa Zabura 90 da 1 Korantiyawa 15 daga tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda da shi ya koyi karatu. Ya ce Hausar sabon juyi ba ta zauna masa a kunne ba. Yakan ba mu labarin Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893 suka fara aikin da ya haifi ECWA. Gowans ya rasu a Girku a 1894, abokinsa Thomas Kent kuma a Bida, ba su ga ko majami'a ɗaya ba. Baba yakan ce su ma ba su gama ɗinkinsu ba aka kira su.

A kan jana'iza ya fi tsanantawa, kuma ina bayansa. Mun mai da ita gasa: gawa ta yi wata a mutuware, ana ɗinka anko, ana cin bashin akwati mai tsada, gwauruwa ta wayi gari da marayu da masu bin kuɗi. Baba ya ɗinka wa mutane ankon nan da hannunsa, ya san abin da ke biyo baya. Ya sa aka rubuta wasiyya: kada ya wuce kwana uku, akwatin katako na kafinta, babu anko.

Da ya rasu, haka muka yi. Ranar jana'iza Alhaji ya zo har Sabon Tasha da ɗansa, ya zauna a rumfa a waje har aka gama sujada. Da zai tafi ya durƙusa ya yi wa Mama ta'aziyya, ya ajiye mata ambulan a gefen tabarma ya ce a sa cikin hidima. Ambulan ɗin Baba ce, da rubutun hannunsa a kai, ko buɗe ta ba a yi ba.