Baƙin mai yana ɗiga: ku nemo wurin kafin a buɗe inji

Yau zancen mota za mu yi, don albasar da ta kwana uku bisa hanya ba ta da sauran daraja a kasuwa.

Kun san Peugeot 404, wadda muke ce ma kat-san-kat. An fara ƙera ta a Faransa a 1960. Mu nan bashe muka fi sani, mai ɗaukar buhuna da awaki. Amma tana da ƴar'uwa ta gayu mai ƙofa biyu, wadda ake naɗe rufinta. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikin wannan, kuma har yau masu son tsofaffin motoci a Turai suna adana ta. Kat-san-kat ta ci babban tseren Safari na gabashin Afirka sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. To, da ta tsere da ta gayu da ta buhuna, asalin injinsu ɗaya ne, mai tukunya huɗu, a jingine gefe guda. In ya tsufa, cutarsa ma ɗaya ce: yoyon baƙin mai.

Ga abin da ya same mu. Wata shekara, tsohuwar motar ƙungiyarmu ta riƙa barin tabon mai duk inda ta kwana. Wani makanisiye ya leƙa ƙasa, ya ga mai a bayan inji, ya ce jowan na baya ne ya mutu. Aka sauke buwat, aka yi kwana biyu, kuɗin buhu da yawa suka tafi. Da muka kama hanyar Galmi zuwa Ƙonni, mai ya ci gaba da ɗiga. Ashe jowan na murfin sama ne ya bushe, aikin rabin awa. Ni ma da laifina, don ina tsaye aka yi, ban ce a wanke a duba ba.

Ku tuna da soro lokacin damina. Ruwa yakan shiga ta nan, ya bi azara, ya ɗiga can. Haka mai yake. Yana gangarowa ƙasa, iskar fanka da ta hanya kuma tana tura shi baya. Inda ya ɗiga ba nan ne ƙofarsa ba. Wurin da za ku nema shi ne mafi tsawo, kuma mafi gaba, da ke jiƙe.

Da farko ku shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ta kwana. Da safe ku duba, ku taɓa, ku sansana. In baƙi ne mai kauri, na inji ne. In mai haske ne kamar man gyaɗa, kuma kusa da ƙafa ya ɗiga, ku yi zaton man birki ne. Wannan motar kada ta tashi, ko da kasuwa za ta watse.

Sai wanki. Ku bari inji ya huce, ku goge shi da gazuwal da tsumma, ku bi da ruwan sabulu. Ban da isansi, yana kama wuta. In ya bushe sarai, ku barbaɗa hoda ko garin rogo kaɗan a duk mahaɗar ƙarfe da ƙarfe, amma kada ya shiga inda inji ke shaƙar iska. Ku tada mota ta yi minti goma. Ku kashe, ku haska da tocila. Sabon mai zai ja baƙin layi cikin farin gari. Ku bi layin nan zuwa sama har inda ya fara.

Ku fara zargin masu araha. Murfin sama shi ne na farko, kuma yawan ɗaure shi da ƙarfi yana lanƙwasa shi, yoyo ya ƙaru. Sai robar filtar, in an sa ta a karkace. Sai ƙusar bidanji ta ƙasa: ƴar zoben jan ƙarfe da ke kanta ana canza ta duk sa'ad da aka zuba sabon mai, amma wa ke yi? Akwai kuma ɗan abin da ke kunna jar fitilar mai, shi ma yakan tsatsa. Sai duk waɗannan sun fita bushe za a yi maganar jowan na gaba ko na baya.

In kun ga inji yana gumi ta ko'ina, ku tsaya tukuna. Kowane inji yana da bututun numfashi. Ƙurar hunturu da dattin mai sukan toshe shi. In ya toshe, iska takan taru ciki, ta tura mai waje ta kowace kafa, kuma ko an sa sabon jowan zai sake zuba. Ku wanke bututun. In yana buɗe amma hayaƙi na bugowa da ƙarfi ta bakin zuba mai, zoben fistan ne suka cinye, wannan kuwa aikin babban garaji ne. Cika mai fiye da alamar sama ta ƙarfen awo shi ma yana kawo zuba.

In mai ya koma kamar nono, ruwa ne ya shiga, sau da yawa ta jowan kilas. In jar fitila ta kama kuna tafiya, ku kashe inji nan take. Tafiya kaɗan babu mai ta isa ta ƙone shi.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ku tokare ta da kututture. Ku nisantar da hannun riga daga fanka. Tsohon mai kuma ku tara shi a galan, kada a zuba kusa da rijiya ko garka.

Masu injin ban ruwa da masu injin niƙa, dabarar kwali da gari tana yi muku aiki daidai. Ku duba awon mai kowace safiya kafin a tada inji, yana kan wuri mai daidai.