Jinyar ci-rani a Amurka: hangen Dala ba shiga birni ba ne

Tun lokacin annobar korona wasu bidiyoyi ke yawo a TikTok da WhatsApp. Matashiya ce cikin kayan asibiti, zaune a mota, tana nuna takardar albashinta: dala 4,000 ko 5,000 a mako guda. Ma'aikatan jinya ne na ci-rani a Amurka, waɗanda a can ake kira tirabul nas. Bidiyon gaskiya ne. Ƙaryar tana bakin dillalan da ke tura shi ga ɗaliban makarantun jinya da iyayensu, suna cewa a kawo miliyan kaza a samo wa yarinya irin wannan gurbi. Babu mai tashi daga Kano ko Damagaram ko Kumasi ya sauka a wannan aiki kai tsaye, ko nawa ya biya.

Ga yadda aikin yake. Asibiti ya yi ƙarancin hannu: wata ta tafi hutun haihuwa, wasu sun ajiye aiki, ko lokacin sanyi ya zo mura ta cika gadaje. Sai asibitin ya nemi kamfanin da ke ba da hayar ma'aikata, irin su AMN Healthcare da Aya Healthcare, a turo masa nas ta ɗan lokaci. Kwantiragin da aka fi sani na mako 13 ne. In ya ƙare, ko a sabunta, ko ta ɗaure kayanta ta nufi wani gari. Asibiti kamfani yake biya, kamfani ya cire nasa ya ba ta saura. Ke nan a ɗakin marasa lafiyar wani take aiki, amma albashinta a hannun wani yake, kuma ranar da rigima ta tashi kowa na iya nuna ɗan'uwansa.

Kuɗin da ake nunawa a bidiyo kashi biyu ne. Akwai ladan awa, wanda ake cire wa haraji, kuma sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Akwai alawus na masauki da abinci, wanda ba a cire wa haraji, shi ne ke kumbura adadin. Sai dai hukumar harajin Amurka, IRS, ba ta yafe wannan haraji don Allah ba. Sharaɗinta shi ne mutum ya kasance yana da gidansa na asali da yake ci gaba da ɗaukar nauyinsa, ga kuma hayar inda ya je aiki. Haya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. In kuma aikin ya wuce shekara a wuri guda, ya tashi daga na wucin gadi, alawus ɗin ya koma abin biya wa haraji. Wadda ta karɓa alhali ba ta cika sharaɗin ba, bashi ta ci, kuma ranar da aka bincike ta za ta biya har da tara. A haɗa da tsadar ɗaki mai kayan ciki na wata uku a gari irin San Faransisko ko Boston, da man mota, da inshorar lafiya da kan yanke tsakanin kwantiragi da kwantiragi, da makonnin da take zaune ba aiki ba albashi. Mai ɗaukar bidiyo ba ta nuna wannan shafin.

Shi kansa farashin da ya ja hankalin jama'a na kakar annoba ne. A 2020 da 2021, da gadaje suka cika ma'aikata suka gaji, asibitoci sun yi ta rige-rigen ɗaukar nas ko nawa ne, wasu kwantiragin suka haura dala 5,000 a mako. Daga 2022 kasuwa ta faɗi. An samu waɗanda suka tuƙa mota kwana biyu, suka biya hayar ɗaki, suka fara aiki, sannan aka kira su aka ce ko su yarda da ragin albashi ko su kama gabansu. Wasunsu sun kai kamfanoni kotu a kan haka. Bidiyon 2021 ne dai har yau ake tura wa mutane kamar jiya aka ɗauka.

Aikin ma ba na ɗan koyo ba ne. Sabuwar ma'aikaciya ta dindindin takan samu makonni ana nuna mata yadda ake yi. Ta ci-rani kuwa wuni ɗaya ko biyu ake ba ta ta san inda magani yake, ta koyi manhajar kwamfutar da ake rubuta bayanan marasa lafiya, ta gane likitan da ake kira da tsakar dare. Daga nan a miƙa mata marasa lafiyarta. Awa 12 ake yi a tsaye, yawanci sau uku a mako, kuma baƙuwa ce ake fara turawa wani sashe in can ya rasa hannu, ita ce kuma ake fara soke wa aiki in gadaje sun ragu. Jihar Kalifoniya tana da doka da ta fara aiki a 2004, wadda ta ƙayyade yawan marasa lafiyar da nas ɗaya za ta riƙe, biyu a sashen masu matsanancin ciwo, biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari. Yawancin jihohi ba su da irin wannan doka. In aka yi kuskuren magani cikin wannan gaggawa, lasisinta ne a kan layi, kuma ba ta da tsofaffin abokan aiki da za su tsaya mata. Shi ya sa kamfanoni ke neman gogewar shekara ɗaya zuwa biyu a fannin da za a tura mutum. Akwai masu son wannan rayuwa ƙwarai, su ga garuruwa, su tara kuɗi, su huta wata guda in sun ga dama. Amma ina ganin mai ƙananan yara, ko mai tsoho a gida, ya kamata ta yi lissafin kaɗaici kafin lissafin dala.

To, ina hanyar wanda ya yi karatunsa a Nijeriya ko Nijar? Doguwa ce. Za a tantance takardunsa, galibi ta hannun hukumar da aka fi sani da CGFNS. Zai ci jarrabawar NCLEX-RN, wadda kuɗin rajistarta dala 200 ne, ban da ƙarin da ake biya in a wajen Amurka za a rubuta. Zai ci jarrabawar Turanci, ya samu lasisin wata jiha, da takardar VisaScreen, sannan wani asibiti ko kamfani ya tsaya masa a nemi bizar zama ta rukunin EB-3, wadda layinta kan ɗauki shekaru. Wanda ya tsaya masa ɗin nan kuma yakan ɗaure shi da kwantiragin shekara biyu ko uku, da tara mai nauyi in ya fita kafin lokaci. A 2019 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukunci a shari'ar ma'aikatan jinya 'yan Filifin sama da 200 da aka ɗaura wa tarar dala 25,000 kowanne, ta ce barazanar ta saɓa dokar hana safarar mutane. Sai an gama wannan zango, an samu gogewa a asibitin can, kafin a fara zancen ci-rani.

Gajeriyar hanya kuwa ta riga ta cinye mutane da dama. A Janairun 2023 hukumomin Amurka sun bankaɗo cinikin shaidar karatun jinya ta bogi sama da 7,600 daga makarantu uku a jihar Fulorida, kuma jihohi suka bi sawun masu riƙe da su suna ƙwace lasisi. A shekarar dai, hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, NMC, ta soke sakamakon jarrabawar kwamfuta na wata cibiya a Ibadan bayan ta gano alamun ana zauna wa mutane jarrabawa. Kusan mutum 2,000 abin ya shafa, har da waɗanda suka rubuta da hannunsu tsakani da Allah, su ma sai da suka sake zama. Wasu sun riga sun kwashe iyali sun fara aiki a Ingila lokacin da wasiƙar hukumar ta iske su.

Akwai kuma abin da dillali ba zai faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 a 2023 da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, ciki har da Nijeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi. Birtaniya ta hana asibitocinta da kamfanoninta zuwa farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe. Mutum na iya neman aiki da kansa kai tsaye, amma duk ejan da ya buɗe ofis yana cewa shi wakilin asibitocin gwamnatin Ingila ne, a tambaye shi wa ya aiko shi. Dokar can ma ta hana kamfanin samar da aiki karɓar kuɗi daga mai neman aiki.

Ba na ganin laifin nas da ke son fita. Wadda ta kwana ita kaɗai da ɗaki cike da marasa lafiya, da fitilar waya, ba ta bukatar wa'azin kishin ƙasa daga wanda ke zuwa Misira duba hawan jini. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Nijeriya ta ce a 2024 ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma ƙa'idar da ta kawo a watan Fabrairun shekarar, ta sai an yi aikin shekara biyu kafin a tantance wa mai son fita waje takardu, zanga-zanga ta jawo a Abuja da Legas. Mai niyya dai ta biya kuɗin kowace jarrabawa da hannunta a shafin hukumar da ke shirya ta. Kada ta ba kowa fasfonta ko asalin takardunta ya riƙe. Kafin ta sa hannu a kwantiragi, ta nemi a nuna mata a rubuce awa nawa aka lamunce mata a mako, wa zai biya haya in an soke aikin, a wane gari za a ajiye ta, da nawa za ta biya in ta ce ta fasa.