Injiniyan da Ke Tsara Aiki

In aka ce injiniya, yawancin ɗalibanmu gada ko mota suke tunawa. Amma akwai wani fanni da ba mu cika ambata ba, wato injiniyancin masana'antu. Mai wannan ilimi ba ƙera inji ne babban aikinsa ba. Shi ne yake haɗa ma'aikata, injuna, kaya, kuɗi da lokaci, ya tsara su yadda ba za a yi asara ba.

Ga misali a jiharmu. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, mai iya markaɗa tan 1,200 kowace rana. Inji lafiya lau, amma ba a daɗe ba aiki ya tsaya, gama tsutsa ta cinye gonaki, tumatir bai isa ba. Manoma nawa za su kawo, yaushe, a kan nawa, kafin kaya ya ruɓe a hanya? Irin lissafin da ake koya wa wannan injiniya ke nan.

Karatun shekara 5 ne. Jami'ar Ibadan da ta Benin suna koyar da shi, ta Legas kuma tana da sashen tsare-tsare. Sai ɗalibi ya ci Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Turanci sosai. Mai gudun Lissafi kada ya ruɗi kansa.

Batun aiki, masana'antu da yawa a Bompai, Sharaɗa da Challawa sun rufe. Duk da haka asibitoci, bankuna da kamfanonin sufuri suna bukatar mai iya tsari. Iyaye a Gude, Kabo da Gwarzo su lura, 'yan mata ma suna karanta shi.