Ƙwaryar Gadaka Da Akushin Japan

A shekarar 1986 Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, a ƙasar Amurka, ta shirya wani nuni na ƙorai da sauran kayan duma masu zane daga arewa maso gabashin Nijeriya. Marla Berns da Barbara Rubin Hudson suka rubuta littafi a kansa. Watau abin da matar Gadaka, garin Ngamo a ƙasar Fika kudu da Potiskum, take dama fura a ciki, irinsa ne Turawa suka jera ana zuwa kallo.

Aikin ba ƙarami ba ne. Sai duma ya ƙosa a yanke shi, a ƙwaƙule cikinsa, a shanya. Sa'an nan mai zane ta sa wuƙa a wuta ta yi ja, ta riƙa ƙona layuka a bayan ƙwaryar ba tare da ta auna ba. Waɗansu kuwa da tsinken ƙarfe suke karcewa, su shafa baƙin tukunya da mai don zanen ya fito. Dā jeren amarya ba ya cika sai da su, amma kwanon samira da roba sun ture su gefe, mai zane kuwa ba ta koya wa 'yarta abin da ba ya kawo kuɗi.

Mutanen Japan su ma suna da nasu akushin, na itace, wanda suke shafe shi da ƙaron wata bishiya, urushi. Bishiya guda ba ta ba da fiye da kamar giram 200. Shafi bisa shafi ake yi, wani lokaci a barbaɗa garin zinariya. Har a tatsuniyarsu akwai Issun-boshi, yaron da bai fi ɗan yatsa ba, wanda ya mai da akushin miya kwalekwale ya nufi birnin sarki.

Roba ta shiga Japan ita ma, sai dai hukuma ba ta zuba ido ba. Tun 1955 take zaɓen gwanayen sana'ar hannu tana girmama su, daga baya ta sa musu kuɗi kowace shekara don su koyar. A 1977 ta sa aikin akushin garin Wajima cikin kayan gadon ƙasa. Da girgizar ƙasa ta ran 1 ga Janairun 2024 ta rushe rumfunan masu sana'ar, sai aka kafa musu na wucin gadi suka koma bakin aiki.