Yaron da aike yake ɓace wa a hanya

A garin Dakoro da ƙauyukan gundumar, daga Kornaka har Sakabal, aike shi ne aikin farko na yaro. Amma akwai yaron da in uwarsa ta ce: "Tafi wurin mai tebur ka sayo gishiri da ashana, ka biya gidan gwaggonka ka amso rariya", sai ya komo da gishiri kaɗai. Wani ma sai ya tsaya bakin zaure yana kallo. A ce taurin kai ne, a ce wauta ce, sai bulala.

Sau da yawa ba ko ɗaya ba ne. Akwai wata lalura da ke hana magana ta zauna wa yaro daidai da tsaransa. Kunnensa lafiya lau, hankalinsa lafiya lau, kuma ba in'ina ba ce. Doguwar magana ce take kuɓuce masa, nasa zancen kuma ba ya haɗuwa.

Masu bincike a ƙasar Ingila sun ƙidaya yara masu shiga lakkol, suka fito da sakamako a shekarar 2016: wajen 7 cikin 100 suna da ita, wato yara 2 a aji mai yara 30. A 2017 masana, ƙarƙashin jagorancin Malama Dorothy Bishop ta jami'ar Oksfod, suka tsayar mata da suna guda: matsalar bunƙasar harshe. Takan bi jini cikin dangi. Ba laifin uwa ba ne, ba aikin iskoki ba ne, kuma askar wanzami ba ta maganinta, ko an cire beli. Tashi cikin harsuna biyu ma ba ya kawo ta: ɗan Bafillace ko na Buzu da ke jin Hausa a kasuwa da nasu harshe a gida, babu abin da wannan zai yi masa.

Wurin kiwo ake ganin abin sosai. Yaron ya san awakinsa ɗaya ɗaya, ya san hanyar rijiya. Amma ran da akuya ta ɓace, ko bisashe suka faɗa gonar wani, a tambaye shi ina, yaushe, wa ya fara, sai ya kasa jera labarin. Mai baki ya yi nasa bayani, laifi ya hau kan marar baki, ubansa ya biya ɓarnar da wataƙila ba tasu ba ce. Haka yarinya mai talla: kuɗi ba su cika ba, ta san wanda ya ci bashi, faɗi ya gagara. A dandali kuwa ba ya gane dokar wasa da wuri, sai faɗa, ko ya ja gefe shi kaɗai.

Lakkol ta fi wuya, don ga faransanci an ɗora bisa harshen da bai zauna ba. Ya maimaita aji, daga nan a fid da shi.

Yaron da ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, a fara kai shi asibitin Dakoro a duba kunne, don sanƙarau da ƙyanda da ruwan kunne suna kurmantarwa. Wasu yara jinkiri ne kawai, suna kamowa. In abin ya wuce shekara 5, da wuya ya tafi da kansa, amma taimako yana rage shi ƙwarai.

A kira sunansa tukuna, ya dubo. A ba shi aike guda, a nuna masa abin da hannu, ya maimaita kafin ya fita. In an tambaye shi a dakata, kada ƙannensa su riga shi amsa. In ya ce "akuya tafi gona", ba dariya, a mayar masa daidai: "I, akuya ta shiga gona." Malamin allo da na lakkol su zaunar da shi gaba, kusa da su.